Gyaran Ƙafar Bayan Hilux Ɗina Saboda Jan Tirela

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Jiya bayan Magariba na bar Kano da buhu ashirin na taki a tirela, zan kai gona wajen Kadawa. Tun kafin in kai Kura duk motar da ta taho sai ta ƙyafta mini fitila, wani direban babbar mota ma har da leƙo kai yana masifa. Ni kuwa ƙaramar fitila na kunna. Da na faka na fito sai na ga abin da suke gani: gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, hasken yana dukan idon mutane maimakon kwalta. Sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar ba ya riƙe da komai, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji gam daga ƙasa.

Motar Hilux ce ta 2008 mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7. Tirelar kuma ta gida ce, mai walda ya haɗa mini ita bara, aksul ɗaya, ba birki. Da ita nake kai taki, injin ban ruwa da ƙaramin injin huɗa, in dawo da shanshera. Noman rani ya ƙarato, zirga-zirga za ta ninka, don haka dole a yi wa ƙafar baya wani abu.

Abin da raina yake so shi ne jakar iskan nan da nake gani a YouTube, wadda ake sawa tsakanin aksul da shasi, a hura ta in an yi lodi, a sace ta in an sauke. Amma na taɓa kashe kuɗi a kan ƙafar gaba ban san wanne gyaran ne ya yi aiki ba, shi ya sa wannan karon zan riƙa rubutawa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na sami fili mai daɓen siminti a bayan shagon wani abokina, na yi awo da tef daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi. Ba lodi: gaba santimita 53 kowane gefe, baya ta dama 55, ta hagu 53 da rabi. Wato tun ba a ɗora mata komai ba ta riga ta karkata. Da aka maƙala tirela da buhu ashirin ɗin, baya ya sauka zuwa 46, gaba ya tashi zuwa 55 da rabi.

Saukar bayan ba ta ba ni mamaki ba. Tashin gaban ne ya tsaya mini a rai, don tayoyin gaba su ne masu juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gareji. Makanikena ya shiga ƙarƙashi da tocila, bai yi minti biyu ba ya kira ni.

"Alhaji, sunkuyo ka gani da idonka, kar ka ce ni na faɗa."

Sifirin ɗin ya miƙe samɓal, lanƙwasarsa ta tafi. Falle biyar ne kowane gefe, uku sirara a sama, biyu masu kauri a ƙasa. Masu kaurin nan ba a yi su don su yi aiki kullum ba, sai an yi lodi siraran sun kwanta a kansu sannan su karɓa. A tawa motar siraran sun riga sun kwanta a kansu ko da wayam take. A hagu falle na uku ya tsage dab da kusar tsakiya. Bushin sun cinye, shakazoba ta dama duk mai ya jiƙa ta, robar da ke hana aksul dukan shasi kuwa ta yi sheƙi saboda duka. Gam ɗin da nake ji ke nan.

Na ce, "To Oga, mene ne abin yi?"

Ya ce, "Mai sauƙi. A kai wa maƙeri ya buga shi ya dawo da lanƙwasa, mu samo falle biyu na Canter mu cusa kowane gefe. Ko siminti buhu talatin ka ɗora ba za ta ce uffan ba."

Na san haka ake yi, duk a-kori-kurar da ke ɗaukar kaya a Dawanau haka ƙafarta take, sifirin jibgi guda. Sai dai waɗancan motoci ba sa yawo wayam, kuma ba a kai yara makaranta a cikinsu. Na ce ya ba ni mako guda.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau ce ranar da lissafina ya juya.

Na je wajen wani mai injin casar shinkafa a Kura wanda muke hulɗa, na roƙi aron sikelinsa na buhu. Muka ɗora icce a kai har tsayinsa ya zo daidai da ƙwallon ƙugiyar mota, muka cire nauyin iccen, muka sauke wuyan tirelar a kai da buhu ashirin ɗin yadda yarona ya saba jera su. Kilo 310.

Ita tirelar wayam kilo 420 ce, an taɓa auna mini ita. Taki buhu ashirin, kowane kilo 50, ya zama 1,000. Jimla 1,420. Ƙa'idar da masu jan tirela suka fi bi ita ce wuya ya ɗauki wajen kashi 10 cikin ɗari na jimlar, a Amurka sukan kai shi har 15. Nawa ya haura kashi 21. Abin da ya kamata ya tsaya kusa da kilo 150 ya ninka har da ɗoriya.

Kuma kilo 310 ɗin ba a matsayin 310 yake isa ga sifirin ba, domin ƙugiya tana can bayan aksul. Kamar lilon katako ne na yara, aksul ɗin baya shi ne tsakiya, in ka danna wannan ƙarshe wancan ya tashi. Tsakanin aksul ɗin gaba da na baya a irin wannan Hilux mita 3.085 ne. Daga aksul ɗin baya zuwa ƙwallo na auna mita 1.25. In ka raba 1.25 da 3.085 za ka sami kusan 0.4, ma'ana duk kilo goma da ya sauka a ƙugiya yana ɗage kilo huɗu daga tayoyin gaba ya mayar da su baya. Don haka a daren nan an zare wa gaba wajen kilo 126, baya kuma ya sha 436. Ban da injin ban ruwa da jarkokin mai da ke cikin bodi, ban da mutum uku a kujerar baya.

Na zauna a kan buhun dusa ina kallon tirelar. Mai waldan ya kai aksul ɗinta can kusa da ƙarshe, yarona kuma kullum daga gaba yake fara jeri. Ashe jakin na tsaye a gabana ina ta dukan taiki. Da na bi shawarar Oga, ko da na sayi jakar iska, bayan motar zai miƙe ya yi kyan gani, amma kilo 126 ɗin nan ba zai koma gaba ba. Taurin sifirin ba ya canza wannan lissafi ko kaɗan. Abin da zai yi kawai shi ne ya ɓoye mini alamar.

Wannan ba ya nufin sifirin ɗin lafiya lau yake. Ya mutu, sai an canza. Amma girman wanda zan saya ya danganta da nauyin da zai ɗauka, kuma nauyin bai kamata ya kai haka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na yi wauta, zan rubuta ta yadda ta faru. Na ce wa yarona ya mayar da buhunan baya, ban tsaya a kansa ba, ban kuma sake aunawa ba. Shi kuma ya tara su duka a ƙarshen tirela. Da aka maƙala, motar ta tsaya cas, na ji daɗi.

Muna kaiwa gudun kilomita 60 sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi, har bayan motar ya fara binta. Allah ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba, ban kuma yi kokawa da sitiyari ba. Na ɗage ƙafa daga totur na riƙe ta a miƙe har ta lafa. Yaron sai salati yake yi. Da muka koma sikeli, wuyan kilo 40 kacal yake ɗauke da shi.

Wuya mai nauyi yana wahalar da mota. Wuya marar nauyi kifar da ita yake yi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na mayar wa mai walda tirelarsa. Da farko bai so ba, wai haka ake yi, aksul a baya ya fi zama. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, na gani da idona ranar Asabar, sai dai nasa ya wuce wuri. Ya yanke maratayan sifirin ɗinta ya matso da aksul gaba santimita 35. Na sa ya auna daga ƙugiya zuwa kowane ƙarshen aksul sau biyu kafin ya kama da wuta, don in ya karkace tirela za ta riƙa tafiya a gicciye tana cin taya. Ya kuma ƙara sarƙa biyu a wuya, waɗanda za su riƙe ta in ƙugiya ta kuɓuce.

Buhu ashirin a shimfiɗe daidai: kilo 165 a wuya, kashi 11 da ɗan wani abu. Yanzu baya zai ɗauki wajen 232, gaba zai rasa 67. Na ja layi da jan fenti a cikin tirelar daidai saitin aksul, na nuna wa yaron: abu mafi nauyi a kan layin nan ko ɗan gabansa kaɗan.

Da tsohon sifirin ɗin ma, baya ya tsaya a 49 maimakon 46.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Dare uku ina karance-karance a waya. Ga inda na tsaya.

Jakar iska na haƙura da ita, kuma ba tsada kaɗai ta sa ba. Sifirin mai falle yana riƙe shasi a wuri biyu, gaban aksul da bayansa, nauyi ya rarrabu. Jakar iska kuwa wuri ɗaya take tokara, daidai saman aksul, inda ba a gina shasin don ɗaukar kaya ba. In aka hura ta sosai don a rufe gazawar mataccen sifirin, ga kuma tirela tana danna can baya, sai wurin ya zama kamar gwiwar da ake karya kara a kai. A Ostareliya, inda suke jan gidajen tafi-da-gidanka da irin motocinmu a hanyoyin daji, shasin da ya lanƙwashe tsakanin gidan direba da bodi sanannen abu ne, kuma lodi a can baya tare da jaka mai iska da yawa na cikin abin da ake yawan ɗora wa laifi. A kan sifirin mai lafiya, da iska kaɗan, tana da amfani. Irin na Firestone da Air Lift ma ba a barinsu wayam, sai an bar musu aƙalla awo 5 na iska ko ba lodi. Ni kuma hanyar gonata ƙaya ce da kututture, in ta huje a can babu mai facin da ya san ta.

Akwai tokarin roba irin na Timbren, na Kanada, wanda ake sawa a gurbin robar da ke saman aksul. Ba iska, ba abin hujewa, ba ya taɓa komai sai an yi lodi. Ya burge ni, amma shi ma wuri ɗaya yake tokara, kuma sai an yi odarsa.

Abu ɗaya ne cikin duk abin da na karanta yake mayar da nauyi gaba da gaske, wato ƙugiya mai sanduna biyu da Amurkawa ke amfani da ita. Sandunan suna ɗaure mota da tirela su zama kamar gada guda. A kan titi mai santsi ta yi. A kwazazzabo da hawa da gangarar gefen kanal ɗaurin nan wahalar da shasi zai yi, kuma wuyan kilo 165 bai kai a nemo ta ba.

Cikakken sifirin na Old Man Emu ko Ironman ko Dobinsons shi ne aikin gaske, kuma suna sayar da shi daki-daki gwargwadon nauyin da mota ke yawo da shi kullum. Da aka faɗa mini kuɗinsa da na kawowa, na lissafa buhun taki nawa ne, na kashe wayar.

Bugun maƙeri kuwa, in da guduma ne a sanyi, lanƙwasar ba ta daɗewa take komawa. In da wuta ne, ƙarfen ya rasa taurinsa. Fallen da ya tsage kuma ba ya walduwa.

Saura abu ɗaya: sifirin na asali mai rai, da ƙarin falle guda siriri dogo kowane gefe.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kasuwar Ƙofar Ruwa tun ƙarfe tara, ni da Oga. Mun duba tokumbo sun kai takwas. Yadda muka yi shi ne mu kifa biyu a ƙasa gefe da gefe, mu ja igiya daga ido zuwa ido, wato zoben da ke kowane ƙarshen sifirin, mu auna zurfin lanƙwasar. Yawancinsu ba su zo daidai da juna ba, wani an ɗauko shi daga wata mota, wani daga wata. Wasu kuma an shafe su da baƙin fenti, in ka kankare sai ka ga sawun guduma. A shago na shida muka dace da biyu da suka fito daga mota ɗaya, ba tsatsa mai zurfi, ba tsaga.

Ƙarin fallen muka zaɓa mai faɗin santimita 6 daidai da na motar, kaurinsa kamar na siraran, tsayinsa ya kusa kai na falle na biyu. Oga ya so gajere mai kauri, na ƙi. Gajere yana tattara wahalar a tsakiya, siraran da ke samansa su riƙa karyewa a daidai bakinsa.

Kusoshin da ke rungume sifirin da aksul sababbi na saya, masu ɗan tsayi, da sabuwar kusar tsakiya da bushin. Oga ya ce tsofaffin ma za su yi. Na ce, "Oga, wannan kam bar ni in yi asarar." Kusa ce da ke miƙewa in an ɗaure ta, ba ta riƙewa karo na biyu kamar na farko.

Shakazoba ta ci mana lokaci. Wani ya fito mana da guda biyu a kwali mai kyau, farashin rabin na kowa. Na danna ta da hannu ta shige kamar famfon keke. Muka bar masa. Wadda muka saya a wani wurin tana shiga da nauyi, tana fitowa a hankali. Na san ba ita ke ɗaukar kaya ba, aikinta kashe lilo ne, amma sifirin mai ƙarin falle in ba ta da ƙarfi tsalle zai yi ta yi.

Asabar, 7 ga Disamba

An ɗaura. Wuni guda cur, saboda wata kusar ido ta ci tsatsa ta manne da bushin sai da aka yanke ta. Na nace kada a ƙarasa ɗaure kusoshin idon sai an sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafarta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Yaran garejin suna ta dariya, wai Alhaji ya zama injiniya.

Awo, ba lodi: baya 59 dama da hagu, gaba 53.

Talata, 10 ga Disamba

Da tirela da buhu ashirin: baya 55 da rabi, gaba 54. Na bi hanyar da na bi ranar 1 ga Nuwamba, a irin lokacin. Ba wanda ya ƙyafta mini fitila. Sitiyari ya dawo da nauyinsa, gam ɗin ya tafi.

Sai dai birki ya canza, sai na ji kamar gaba kaɗai ke kamawa. Oga ne ya gano, kuma a nan ya rama ƙin shawararsa da na yi. Motata ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, tana da wani bawul a jikin shasi da aka haɗa da aksul da siririn ƙarfe. In bodi ya sauka, bawul ɗin ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bodi yana sama, sai ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle. Mun ɗaga bayan santimita huɗu zuwa biyar da rabi, don haka ko da lodi bawul ɗin gani yake motar wayam take.

"Ka ga, Alhaji, wannan babu shi a wayarka."

Ya yanko ɗan ƙarfe ya ɗaga mazaunin siririn ƙarfen a jikin aksul gwargwadon abin da motar ta tashi sama da tsayinta na asali. Muka gwada a hanyar burji, wayam da kuma da lodi, har sai da muka ga baya yana kamawa amma ba ya riga gaba ƙullewa.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi wajen kilomita 600. Na koma aka sake bin kusoshin aksul da sifana, kowace ta ƙara shiga kaɗan. Baya ya zauna a 58.

Uwargida ta ce motar ta zama doki. Da gaskiyarta, in wayam take ana jin kowane tudu a ƙugu. Rabin laifin na taya ne, don na bar iskar lodi a ciki. Tayoyin 205R16C ne, lambar nauyinsu 110, wato kowace tana ɗaukar kilo 1,060, amma sai an cika ta da iskar da aka rubuta a gefenta. Yanzu ranar jan tirela in ƙara, ranar gari in mayar da ita abin da ke rubuce a jikin ƙofa. Na kuma bar buhun yashi biyu a bodi daidai saman aksul. An samu sauƙi. Da falle biyu na Canter aka sa, da yanzu ni kaɗai nake shiga motar nan.

Garin duba taya na leƙa na tirela. Lamba huɗun da ke gefe 1214 ce, mako na 12 na 2014. Shekara goma, gefen duk ya tsattsage. Na canza duka biyun.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya kusa da Kwanar Gafan wani mai babur ɗauke da kwandunan tumatir ya faɗo titi ba duba. Gudu na bai kai 50 ba. Na taka birki, motar ta kama, amma na ji tirelar tana tura ni daga baya, kuma inda na tsaya ya wuce inda na yi niyya da tsayin mota guda. Ba a taɓa kowa ba, alhamdu lillahi.

Iyakar tirela marar birki a Turai da Ostareliya kilo 750 ce. Tawa wayam ta cinye 420, saura 330, buhu shida da ɗan ƙari. Ni kuma ashirin nake ɗorawa. Sabon sifirin ya sa motar tana jan kilo 1,420 ba ta nuna gajiya, har na fara mantawa da cewa birkinta na nan yadda Toyota ta yi shi, haka ma aksul da shasi.

Abin da nake nema yanzu wuyan tirela ne mai birkin turi, irin na AL-KO ko Knott da ke jikin tirelolin Turai. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, wuyan ya shige ciki ya ja waya, wayar ta kama birkin tayoyinta. Ba ya buƙatar lantarki. Amma sai da aksul mai gangar birki, wato aksul ɗin da aka matsar a watan Nuwamba ma fita zai yi. Na ba wani ɗan kasuwa a Panteka ta Kaduna saƙo, na kuma sa a tambaya mini a kasuwar Ladipo ta Legas. Kafin nan na rage zuwa buhu goma, sawu biyu, da rana, kuma na san ko hakan ya haura 750.

Mai walda ya ce in kawo tirelar ranar Laraba ya auna faɗin shasinta, don kada a sayo aksul ɗin da ba zai zauna ba.